Amsoshin tambayoyinku: kogo, zinare da na'urar bogi a hamadar Amurka

Wata uwa daga El Paso ta rubuto cewa makarantar ɗanta za ta kai su kogon Carlsbad, ita kuma tunda ta ji za a shiga ƙarƙashin ƙasa barci ya ƙaurace mata. Ta bar shi ya je?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ki bar shi. Kogon yana jihar New Mexico, kuma tun 1930 ya zama gandun shaƙatawa na ƙasa. Akwai lif mai sauka da mutane kimanin mita 230, hanyar ciki a shimfiɗe take, da fitilu da ƙarfen dafawa. Ki sa masa rigar sanyi a jaka, domin ko waje na ƙuna ciki ba ya wuce digiri 13, rani da damina. Takalmi kuma mai kama ƙasa, ban da silifas. Idan ya taɓa shiga wani kogon da takalmin, a canza, saboda cutar da ke kashe jemagu tana bin kaya. Da ni ce ke, da na bi su, na tsaya har magariba na ga jemagun suna fitowa kamar hayaƙi.

Wani ɗalibi a Phoenix yana so ya yi hutun watan Yuli a duwatsun Superstition, neman ramin zinaren da ake ce wani mai haƙar zinare, Jacob Waltz, ya ɓoye.

Ɗana, karatu aka turo ka ko neman ajali? Waltz ya rasu tun 1891, kuma har yau ba wanda ya nuna ramin. Adolph Ruth ya shiga nema a 1931, ƙasusuwansa aka tsinto. A Yulin 2010 wasu mutum uku daga Utah suka shiga, ba su fito da rai ba. Kai da kake zaune a Phoenix ka san yadda Yuli take, zafi ya haura digiri 43. Kuma ko ka ga zinaren, doka ta rufe haƙar ma'adini a wurin tun 1984. In yawon duwatsu kake so, jira Disamba, ka tafi da abokai da ruwa isasshe, kada kuma ka leƙa tsohon ramin haƙa, katakonsa ruɓaɓɓe ne, iskarsa na iya kashewa.

Wani magidanci a Tucson ya ga tallar na'ura a Facebook, dala dubu uku, wai tana hango zinare daga nisan kilomita biyu da zurfin mita hamsin. Yana so ya gwada ta a hamada, sannan ya aika wa ƙanensa gida.

Malam, riƙe kuɗinka. Wannan maganar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya shekara da shekaru. Babu na'urar hannu da ke ganin zinare daga kilomita biyu, ko ɗaya. Na'urar gaskiya faifai ne da ake shafawa dab da ƙasa, yana aika maganaɗisu, ƙarfe ya amsa, ka ji ƙara a kunne. Ɗan ƙwayar zinare a taƙi ɗaya ko biyu take jinsa, babban dunƙule ne kawai ake ji a zurfin da ya kusa mita. Waccan mai eriya biyu da ke juyawa, hannunka ne ke juya ta ba ka sani ba. Na taɓa ganin an kwance irinta a gabana: batir, 'yar fitila ja, da wayoyi biyu da ba su haɗu da komai ba. Mai ita ya sayar da shanu ya saya, ya zauna ya zuba wa kwalin ido, ya kasa cewa uffan. Irin wannan yaudara ce ta kai James McCormick gidan yari na shekara 10 a Ingila a 2013, shi kuma na'urar gano bam ya ce yana sayarwa.

Kuma ko ta gaskiyar ma ana yin jabunta. Lokacin da zinare ya ɓarke a Jado, arewacin Nijar, a 2014, da kafin nan a Sudan, jabun na'urorin kamfanin Minelab sun cika kasuwa, kwali ɗaya, launi ɗaya, ciki fanko. Mutane sun ci bashi sun tsallaka sahara da su. Saboda haka in ka nace, sai wurin dilan da kamfani ya amince da shi, ka tabbatar da lambar jikinta, ka karɓi rasit. Araha ba ta ado. Gara ma ka fara da haya, ka shiga ƙungiyar masu wannan sha'awa mai filin da aka yi mata izini. Kada ka shiga da ita gandun shaƙatawa na ƙasa, haramun ne a can, haka yankunan ƙabilun asali in ba da izininsu ba.

Wata baiwar Allah ta tsinci fasasshen kasko mai zane a filin gwamnati, tana tambaya ko za ta iya kai shi gida tsaraba.

A'a, Hajiya. Dokar 1979 ta kare kayan tarihi da suka kai shekara 100. Ɗauki hotonsa, ki bar shi inda yake. In dutse mai kyau kike so, je gandun shaƙatawa na Rockhound kusa da Deming a New Mexico, can an yarda baƙo ya ɗebi kaɗan ya tafi da shi.