Zauren Tambayoyi: Baƙona Bature na neman giyar ƙasarsu a Zariya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Samaru. Tun farkon damina aka haɗa ni da wani Bature ɗan Ingila da ya zo binciken noma, ni nake kai shi gonaki wajen Shika da Giwa. Mutumin kirki ne, bai taɓa riƙe mini haƙƙi ba. Kwanaki ya nuna mini hoton wata kwalba a wayarsa, mai jar alwatika a goshi, an rubuta Bass, ya ce giyar garinsu ce, in nemo masa. Na shiga Sabon Gari na zaga, kowa na nuna wa sai ya girgiza kai. Wani mai shago ya ce in ba da rabin kuɗi zai sa a kawo daga Legas. Wai da gaske ana samunta? In babu, me ya hana? Sannan Malam, raina bai kwanta da wannan aike ba, amma ina tsoron kada in ƙi in rasa abincina.

Direba, Samaru

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam direba. Kada ka ba mai shagon nan ko sisi, kuma ka daina ƙona man Bature a kan wannan nema. Ba iya cigiya ba ne ba ka yi ba, kayan ne ba sa shigowa ta ƙofar da kaya ke shigowa.

Hukumar Kwastan tana da jerin kayan da aka hana shigo da su Najeriya don sayarwa, kuma giyar kwalba da ta gwangwani tana ciki, tare da irin su daskararrun kaji da taliya. Abin da ya sa mutane ke rikicewa shi ne sukan ga wiski da ruwan inabi na Turai a kantunan Abuja da Legas, sai su ɗauka ai komai ma haka ne. Ba haka ba ne, kowanne da layinsa a takardar kwastan. Heineken da Guinness da Budweiser da ka gani jibge a shagunan Sabon Gari sunayensu ne na waje, amma a nan ƙasar ake dafa su a ɗura. Ita kuwa Bass ba a yin ta a nan. Abin da zai ba ka mamaki, uwar kamfanin da ke da sunan Bass a yau, AB InBev, ita ce ke riƙe da International Breweries mai yin Trophy da Hero. Da sun hango riba da tuni sun ɗora tukunyarta. Ba su ɗora ba, domin mashayan ƙasar nan sun saba da laga mai sanyi da baƙar sitawut, masu neman irin ta baƙonka ba su cika mota guda ba.

Ita dai wannan giya tana cikin dangin da Turawa ke kira pale ale. Ja-ja ce, tana da ɗaci saboda wani fure da ake zuba mata mai suna hops, ƙarfin barasarta kuma yana tsakanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, wato tana sa maye kamar kowace giya. A garin Burton na tsakiyar Ingila William Bass ya kafa kamfanin a 1777, kuma ruwan rijiyoyin garin ne ya yi masa suna, don yana da wani ma'adini da ke fito da ɗacin sosai. Jar alwatikar da ka gani ita ce tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, ranar 1 ga Janairun 1876. Saboda haka baƙonka ba rigima ce ta sa shi ba, abin da ya tashi ya ga iyayensa na sha ne, kuma kewar gida babu inda ba ta kai mutum.

Tun da binciken noma ya kawo shi, ga labarin da za ka ba shi a mota ku rage hanya. A 1988, zamanin Janar Babangida, gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi kamfanonin giya ke aiki. Dole suka juya kan dawa. Cikin irin dawar da ta fi karɓuwa wurinsu har da gajerar kaura, SK 5912, wadda masana a nan Samaru suka inganta. Manoman da suka sayar wa diloli buhunan dawa a kasuwar Giwa ko ta Makarfi, da yawansu ba su taɓa tambayar inda tirelar ta nufa ba. Kamfanin Nigerian Breweries kuwa tun 1963 ya buɗe masana'anta a Kakuri cikin Kaduna. Ka ga ke nan an daɗe da gina harkar a kan abin da ake yi a gida, dokar hana ta waje kuma katanga ce aka yi mata.

Mu koma kan mai shagon da ya nemi rabin kuɗi. A ce ma ya cika alkawari, ta ina kwalbar za ta fito? Ko dai fasa-ƙwaurinta aka yi ta iyakar Jamhuriyar Benin, ko wani matafiyi ya sako 'yan kwalabe a jaka, ko ta zurare daga kayan wani ofishin jakadanci. Duk wadda ta zo ta waɗannan hanyoyi ba za ka ga lambar NAFDAC a jikinta ba, ba kuma wanda za ka kama idan jabu ce. Sai batun zafi. Irin wannan giya ba ta jure rana. Ka tuna yadda ka tarar da shagunan: kiret kan kiret har rufin kwano, firji a kashe an jingine murfinsa da katako don ba wuta, ƙura ta rufe kafaɗun kwalabe har sai yaron shago ya goga da tsumma kafin a karanta sunan. Kwalbar da ta kwana watanni a kwantena a tashar jiragen ruwa ta Apapa ta zo ta zauna a irin wannan ɗaki, ko Baturen da kansa zai kurɓa ya tofar. Ga tsada: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk abin da aka saya da fam sai dai a ji farashinsa a yi salati. Kuma idan aka tare mota a hanya aka ga kayan da ba su da takarda, kai ne a sitiyari. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Kada kuma ka manta garin da kake. Tun zamanin Lugga Turawan da kansu suka hana shigo da barasar waje Arewa, Sabon Gari da ya taso da zuwan jirgin ƙasa shi ya zama wurin da ake ɗaga ƙafa, sai kuma kasuwannin mami na bariki. Jihar Kaduna ta fara aiki da shari'a a watan Nuwamban 2001 lokacin Gwamna Ahmed Makarfi. Ɗan gari Musulmi da aka gani da katan ɗin giya a but, ko hukuma ba ta ce masa komai ba, unguwa za ta ce.

Batun rashin kwanciyar ranka, ni ba mai fatawa ba ne, amma wannan ba ya cikin mas'alolin da ke da duhu. Hadisin da ya yi magana a kan giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai sayarwa da mai saye da mai ɗauka da wanda aka ɗauko dominsa. Ka tambayi limaminku ka ji. Tsoron rasa aiki kuwa, a ganina ka girmama shi fiye da kima. Tuƙi aka ɗauke ka yi. Ka same shi da safe kafin ku fita, ka ce masa: "Oga, na bincika, doka ta hana shigo da ita, babu ta a kasuwa. Ni kuma addinina bai ba ni damar sayo giya ba, ka yi haƙuri." Galibin Turawan da ke zuwa aiki Arewa an ja musu kunne kan irin wannan tun kafin su taso, kuma sun fi son a faɗa musu kai tsaye da a yi ta "gobe, gobe". Idan ɗanɗanon yake nema, akwai ƙananan kamfanoni da suka fara yin pale ale a cikin ƙasa, irin su Bature Brewery da ya faro a Abuja ya koma Legas. Ranar da ya je can ya nema da ƙafarsa.

TAMBAYA

Malam, ina da ɗan shagon kayan sanyi a Tudun Wada. Wata kwastoma ta ce mini Maltina ƙanwar giya ce, in daina sayarwa. Gaskiya ne?

Mai shago, Tudun Wada

AMSA

Hajiya, kamfaninsu ɗaya da Star, wannan gaskiya ne, Nigerian Breweries ne ya fito da ita a 1976. Tushen ma ɗaya ne, tsiron hatsi. Inda suka rabu shi ne ita giya ana sa mata yis a bar ta ta yi tsami har sukarin ya juye barasa, maltin kuwa ba a kai shi wannan mataki, shi ya sa yake da zaƙi kuma ba ya bugarwa. Ki juya gwangwanin ki nuna mata inda aka rubuta babu barasa, da lambar NAFDAC. Idan damuwarta kuɗinta ne kada ya shiga aljihun masu yin giya, wannan wata magana ce daban, sai ki miƙa mata zoɓo.