Tambaya da Amsa: Za a iya mayar da filin jirgi kan sola a sayar da janareta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai haɗa sola ne a Birnin Kebbi. Wani ɗan kwangila ya kawo mini aiki, wai in yi masa lissafin takardar da zai kai sama, ta mayar da ƙaramin filin jirgi kacokan kan sola, har fitilun titin sauka, a cire janareta. Ya ce duniya ta daina hayaƙi, a Indiya ma an yi. Na karɓi kafin alƙalami, amma tun ranar barci ya ƙaurace mini. A gida in batir ya mutu sai a kunna tocila. Jirgi fa? Mahaifiyata daga filin jirgin Ambursa ta tashi zuwa Hajji, kuma da dare suka dawo. Don Allah a fitar da ni daga duhu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, rashin barcin nan naka yana kan hanya, kuma na fi samun natsuwa da mai sana'ar da ya kasa barci a kan wanda ya sa hannu ya yi minshari.

Ɗan kwangilarka bai yi ƙarya a komai ba. A 2022 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta amince da burin kai hayaƙin jirage matakin da ba ya ƙara wa duniya zafi nan da 2050. Filin Cochin na Indiya kuwa tun 2015 ya kafa sola mai megawat 12. Abin da masu yawo da wannan labari ba sa faɗa shi ne, Cochin bai yanke wayarsa daga babban layi ba. Da rana yana tura rarar wuta can, da dare ya jawo abinsa. Mu da wutar NEPA ke zuwa mana kamar baƙo, ba za mu kwafi rabin darasi mu bar rabi ba.

Filaye irin namu sola ta dace da su ƙwarai. Filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, inda jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi a 2024, ba Legas ba ne. Jiragen fasinja kaɗan ne, sai ƙananan jiragen manya da na haya, sai kakar Hajji ta zo wuri ya cika. Mafi yawan wutar irin wannan fili na'urorin sanyaya ɗaki ke shanye ta, da famfunan ruwa da ofisoshi, kuma da tsakar rana, daidai lokacin da allunanka ke kan ganiyarsu. Nan ne dizal ke ƙonewa, kowace lita tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon. Nan za ka sa lissafinka.

Akwai kuma ɓarnar da ba a cika kallo ba. Je ka tsaya a farfajiyar jirage ranar da ake taron siyasa ko ɗaurin auren manya. Jirgi yana ajiye, oga yana cikin gari, amma ƙaramin injin da ke wutsiya, wanda ma'aikata ke kira APU, yana ta ruri don kada ciki ya yi zafi. Kowane kilo na man jirgi da ya ƙone yana fitar da kilo 3.16 na iskar kabon. A ba jirgin wuta daga ƙasa, a haɗa masa na'urar sanyi ta waje, a kashe injin. Manyan jirage na karɓar bolt 115 mai zagaye 400 a daƙiƙa, ƙananan da yawa bolt 28. A duk wani sabon fili, irin na Gusau da aka ƙaddamar da aikinsa a 2024, ya fi sauƙin binne wayoyin nan tun kafin a zuba kwalta.

To, mu zo kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na haɗu da wanda ke ganin fitilar titin jirgi ƙanwar fitilar kan titi ce, wai a sayo irin ta kasuwa mai allo a ka, a jera, an gama. Na taɓa ganin takarda mai hatimi da sa hannu, har da hoton fitilar unguwa a bangonta. Wallahi da na karanta sai da na cire tabarau na goge ido.

Fitilun nan magana suke yi da matuƙi. Kore na ce masa ga bakin titi, fari ga gefensa, ja ga ƙarshensa, shuɗi ga hanyar fita. Akwai wasu huɗu a jere a gefe, in ya ga biyu fari biyu ja yana kan daidai, in ya ga ja huɗu ya yi ƙasa da yawa. Kowace tana da kusurwa da ƙarfin hasken da aka gwada. A tsarin da aka saba, waya ɗaya ke zagaye su a jere, na'ura na riƙe da amfiya 6.6 a mataki mafi ƙarfi, ma'aikacin hasumiyar kula da jirage kuma yana ƙarawa ko ragewa gwargwadon hazo ko roƙon matuƙi. Fitilar kasuwa fa? Kai ka fi ni sani. Da batir ya yi ƙasa sai ta rage wa kanta haske ba tare da ta nemi izinin kowa ba, wata ma sai ta ji motsi take farkawa. Kuma tana kan turken ƙarfe da kankare, alhali duk abin da aka kafa kusa da titin jirgi dole ya zama mai karyewa da zarar fiffike ko taya ta taɓa shi.

Sai maganar cire janareta. Ƙa'idar ICAO ita ce, a titin da ake sauka da taimakon na'ura, in wuta ta ɗauke dole madadin ta kama cikin daƙiƙa 15, a inda ake aiki cikin hazo mai tsanani ma daƙiƙa 1 ce ga wasu fitilun. Yi lissafi da kanka. Jirgin da ke gangarowa da gudun kilomita 250 a awa yana cin kusan mita 70 a daƙiƙa. Cikin daƙiƙa 15 ya shafe kilomita guda, ya kuma sauko sama da mita 50. Wannan fa shi ne iyakar abin da aka yafe. Yanzu ka sa hunturu a ciki: kwana uku ƙura ta rufe rana, ta kwanta a kan alluna, batir bai cika ba, kuma daren da hazo ya yi kauri shi ne daren da ake buƙatar fitilu a mataki mafi ƙarfi. In kuma Afrilu ne, zafin Kebbi da ke haura digiri 40 yana rage ƙarfin allo, yana cin rayuwar batir. Ranar da aka fi buƙatar tsarin ita ce ranar da ya fi rauni. Batir zai iya zama na farko da zai kama, har ya fi janareta sauri. Amma janareta ya tsaya a bayansa, da mai a tanki, ana gwada shi ana rubutawa. In ya shekara bai sha dizal mai yawa ba, to an rage hayaƙin ke nan.

Kada a ce na ce babu fitilun titin jirgi masu sola. Akwai, waɗanda aka ƙera don aikin, aka gwada, ake kunna su daga hasumiya. Ba su ake sayarwa a kwali a bakin kasuwa ba, kuma sai hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta amince.

Inda za ka kafa allunan ma ba gonar gado ba ce. A babban titi, mita 140 daga tsakiyarsa ta kowane gefe fili ne da ba a gini a kai. Ga ƙyalli. A 2025 filin Schiphol na Holan ya riƙa rufe ɗaya daga titunansa na wasu awanni da hantsi saboda allunan wata gonar sola suna kashe wa matuƙa ido. Ga ciyawa da inuwar ƙarƙashin alluna masu kiran tsuntsayen da ke karo da jirgi, mu kuma da fadamun shinkafa da jan-baki ba sai an ba mu labarin tsuntsu ba.

Wasu za su kawo maka zancen man jirgi na tsirrai. Gaskiya ne ana yin sa daga tsohon man suya, amma a matatar mai, kuma ƙa'ida ba ta yarda ya wuce kashi 50 cikin 100 na haɗin ba. Tarayyar Turai ma da kashi 2 ta fara a 2025. Wanda ya ce maka zai tace man gyada a bayan gida ya zuba wa jirgi, ka yi masa sallama.

Ka koma wurin mutuminka ka raba takardar biyu. Ginin fasinja, ofisoshi, rijiyar burtsatse, wurin ajiye motoci da wutar da za a ba jirage a ƙasa, ka yi masa lissafinsu da kyau, har da kuɗin masu wanke alluna a hunturu, wanda kowa ke mantawa. Fitilun titi, hasumiya da na'urorin sauka kuwa ka rubuta ƙarara cewa ba ka taɓa su sai da injiniyan filin jirgi da amincewar hukuma. In ya ce shi dai sai an cire janareta, mayar masa da kafin alƙalaminsa, ka sa ya rubuta maka rasit.