Tambaya da Amsa: Motata Tana Haya a Turo, Me Zan Cire Daga Haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, a jihar Texas ta Amurka. Ina da Corolla da nake bayarwa haya ta manhajar Turo, ranar da babu mai haya kuma ni nake hawa. Ban gama biyan bashinta ba. Abokina ya ce tunda ba a aiko mini takardar 1099-K (wadda ke nuna kuɗin da aka biya mutum ta manhaja) ba, babu ruwana da haraji. Haka ne? In ba haka ba, me zan iya cirewa?
Mai karatu daga Houston

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka biye wa abokin nan. Dokar harajin Amurka ta 2025 ta mayar da sharaɗin aiko 1099-K zuwa cinikin da ya haura dala 20,000 da mu'amala sama da 200, amma wannan ƙa'idar aiko takarda ce kawai. Ko da takarda ko babu, hukumar harajin Amurka, wato IRS, tana jiran ka bayyana abin da motar ta kawo. Texas ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, sai dai na tarayya yana nan daram. In sana'a ka ɗauki abin, a fom ɗin Schedule C, na bayyana riba ko asarar sana'a, za ka cike, kuma ribar da ta kai dala 400 akwai harajin masu sana'ar kansu na kashi 15.3 a kanta.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne rabon amfani, tunda motar ba ta haya ce zalla ba. A ce a shekara ta yi mil 12,000, 9,000 daga ciki a hannun masu haya da zirga-zirgar kai musu ita. Kashi 75 ke nan na sana'a. To kashi 75 za ka cire na inshora, juyen mai, tayoyi, gyaran birki, rajista da ruwan bashin banki. Ruwan kaɗai fa, uwar kuɗin ba a cire ta. Abin da hayar ce kaɗai ta jawo shi, kamar kason da Turo ke yanka da wankin mota bayan mai haya ya dawo da ita, wannan dukansa ake cirewa. Tarar gudu ko ta ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba kuwa, daga aljihunka.

Lissafin nan bai tsayuwa da baki. Ka riƙa rubuta lambar mil kafin mota ta fita da bayan ta dawo, ka adana rasit aƙalla shekara uku. Ni da zan ba ka shawara, asusun banki daban za ka buɗe wa motar.

Sai ragin tsufan mota, wanda ake cikewa a fom 4562. Doka ta sa mota cikin kayan shekara biyar, wato waɗanda ake cire kuɗin sayensu kaɗan-kaɗan cikin wannan wa'adin. Masu bidiyo a intanet suna ta kwaɗaita wa mutane cire kaso mai tsoka a shekarar farko, ba sa faɗin cewa ranar da ka sayar da motar sama da darajar da ta rage mata a takarda, za a dawo a caje ka haraji a kan bambancin. Wannan ɓangaren ka kai wa akanta kafin ka sa hannu.

In harajin da za a bi ka zai kai dala 1,000, kada ka jira ƙarshen shekara. Ana biya kashi huɗu: 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba, sai 15 ga Janairu.