Tambaya da Amsa: Ya Yi Ɓarna, Ya Ce Ba Shi Ba Ne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Wata uku ke nan da motar wani kamfani ta buge ƙanena a kan babur, ƙafarsa ta karye wuri biyu. A wurin direban ya yi ta ba da haƙuri, har ya ce zai ɗauki nauyin magani. Yanzu ya yi mirsisi, wai yaron ne ya faɗo masa, kamfanin kuma ko waya ba sa ɗagawa. Tunda bai amsa laifinsa ba, kotu za ta saurare mu? Daga M. S.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ƙanenka lafiya. Kotu za ta saurare ku, ai musu ne ke kawo shari'a tun farko. Alƙali ba ya jiran wanda ake ƙara ya amsa laifi. Hujja yake dubawa, kuma kawo ta yana wuyan mai da'awa.

Hanya biyu ce. Tuhumar tuƙin ganganci ta hukuma ce, kuma sai an tabbatar da laifin ba tare da kokwanto ba. Ƙarar neman diyya taku ce, a nan alƙali yana auna bayanan ɓangare biyu ya ga wanne ya rinjaya. Don haka ko maganar ta mutu a hannun 'yan sanda, taku tana nan da ranta.

Za ku nuna cewa direban ya yi sakaci, sakacin ne ya jawo karayar, sannan ga adadin asarar. Na tsakiyan nan ne ke kayar da mutane. In an yi kwanaki kafin a kai yaron asibiti, lauyan kamfani zai ce a wani wuri ya karye. Maganin wannan shi ne katin asibiti na ranar farko, hoton ƙashi mai kwanan wata, da rahoton likita. Ku haɗa da rahoton 'yan sanda, zanen wurin haɗarin, da lambar motar. Kada a gyara babur ɗin sai an ɗauke shi hoto ta kowane gefe, bakanike ya rubuta ƙiyasin gyara ya sa hannu. Kowane rasit, ko na bandeji ne, a adana shi, domin kuɗin da kuka kashe ba a biyansa da faɗar baki.

Shaidu kuma ku neme su yau ɗin nan. Wata uku ya isa mutum ya manta ko ya ƙaura. Wanda ya ji direban yana cewa zai biya magani shaida ne mai amfani, ko da yake ba da haƙuri kaɗai ba lallai kotu ta ɗauke shi amsa laifi ba. In direban ya rubuto haka ta WhatsApp, kada a goge, kada a sayar da wayar, don ana iya neman ganin saƙon a inda ya shigo.

Wa za a kai ƙara? Direban da kamfanin tare. A yawancin dokoki ubangida yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki, kuma kamfanin ne mai abin biya, ko inshorarsa. A nemo sunan da kamfanin ya yi rajista da shi, domin wanda ke jikin mota sau da yawa ba shi ba ne, kuskuren suna kuwa kan sa a kori ƙara. Mai ƙarar kuma ƙanenka ne; in shekarunsa ba su kai ba, waliyyinsa ya tsaya masa.

Kafin sammaci, lauya ya rubuta musu wasiƙar neman haƙƙi: abin da ya faru, kuɗin da ake nema, da wa'adi, misali kwana 14. A karɓi shaidar cewa ta isa hannunsu.

Ina roƙonku kada ku bari a ja ku da “za mu duba”. Ƙara tana da wa'adin shigarwa, alkawarin baki kuma ba ya tsayar da shi. A Ingila shekara 3 ce ga raunin jiki, shekara 6 ga saɓa yarjejeniya. A wasu ƙasashe, in jami'in gwamnati ake ƙara, wata 3 ne kacal. Lauya ya duba muku dokar inda kuke cikin makon nan.

Ko ta tabbata ƙanenka yana da nasa kuskuren, a dokoki da dama rage diyyar ake yi: in laifinsa kashi 30 cikin 100 ne, ya karɓi 70.

TAMBAYA: Barista, kotu ta ba ni gaskiya a kan wanda ya ci min bashi, amma ya ce ba zai biya ba, wai zai ɗaukaka ƙara. Daga Hajiya R.

AMSA: Hajiya, koma kotun da ta yanke hukuncin ki nemi a zartar da shi. Tana iya sa ma'aikatanta su kama kayansa a yi gwanjonsu, ko ta umarci bankinsa ya biya ki daga asusunsa, don haka ki kai bayanin bankin da kadarorin da ke da sunansa. Yawanci ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya tsayar da zartarwa, sai ya samo umarnin dakatarwa. Kada ki aika a ɗauko masa kaya da kanki, domin zai samu damar kai ki ƙara.