Wace ƙasa ce ta yi nasara da rata mafi girma a tarihin kurket na Test?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na soma bin wasan kurket a 'yan shekarun nan, kuma na ga an rubuta cewa nasara mafi girma a tarihin wasannin Test ta maki 675 ce, amma wani wurin ya ce 579 ce. Ta yaya 579 za ta fi 675, kuma wacce ce ta gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Duka biyun gaskiya ne, kuma Ingila ce ta yi su a kan Ostareliya, sai dai ba da ma'auni ɗaya ake auna su ba. A wasan Test, wato wasan kurket na ƙasa da ƙasa da ake ɗaukar kwanaki ana yi, kowace ƙungiya tana da zagaye biyu na bugu. Idan ƙungiyar da ta yi bugun ƙarshe ta kasa cim ma abin da aka gindaya mata, sai a ce an doke ta da maki kaza. Idan kuwa wata ƙungiya ta yi zagaye ɗaya tak, amma makinta ya zarce abin da abokiyar karawarta ta tara a zagayenta biyu, to an yi nasara ke nan da zagaye guda da maki kaza. Lissafin 579 na wannan rukuni na biyu ne, shi ya sa ake ba shi kundinsa daban.

Wasan na 579 ya gudana a filin Oval da ke Landan a watan Agustan 1938. Ingila ta fara bugu ta tara maki 903 bayan an fitar da 'yan wasanta 7, sannan kyaftin Wally Hammond ya ce ya isa haka. Len Hutton, matashi ɗan shekara 22, ya shafe sama da awa 13 yana bugu har ya ci 364, wanda ya zama maki mafi yawa da mutum ɗaya ya taɓa ci a Test a wancan lokaci, yayin da Maurice Leyland ya ƙara 187. Mai jifan Ostareliya Fleetwood-Smith shi ya fi shan wahala, domin an ci maki 298 a kan jifansa, shi kuwa mutum ɗaya kawai ya fitar. Da Ostareliya ta karɓi sanda sai ta tsaya a 201, aka tilasta mata sake bugu nan take saboda girman ratar da aka ba ta, ta ƙare a 123. Abin da alƙaluman ba sa nunawa shi ne, Don Bradman ya ji rauni a idon sawu yana cikin jifa, Jack Fingleton ma ya ji ciwo, saboda haka da mutum tara maimakon sha ɗaya Ostareliya ta yi bugu a zagayen biyu, ba tare da Bradman, babban gwanin bugunta, ba. Kuma duk da wannan kashi da ta sha, jerin wasannin ya tashi ɗaya da ɗaya, kofin Ashes, wanda Ingila da Ostareliya ke fafatawa a kansa, ya ci gaba da zama a hannunta.

Ratar 675 kuwa ta girmi wannan da shekara goma. A Brisbane aka yi ta a ƙarshen 1928, inda Ingila ta ci 521, Ostareliya ta mayar da 122 kacal a gaban jifan Harold Larwood. Da ratar 399 a hannu, kyaftin Percy Chapman yana da ikon tilasta wa Ostareliya sake bugu, amma ya zaɓi Ingila ta koma ta ƙara 342, ya gindaya wa masu masaukin baƙi 742, su kuwa suka watse a 66. A wannan wasa ne Bradman ya fara buga Test, ya ci 18 da 1, aka ajiye shi a wasa na gaba.

A nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya yi hattara da kundin nasara da maki, domin girman ratar yakan fito ne daga shawarar kyaftin fiye da bambancin ƙarfin ƙungiyoyin. Da Chapman ya sa Ostareliya ta sake bugu kuma ta faɗi kamar yadda ta faɗi, da wasan ya koma ɗaya kundin, ba wanda zai riƙa ambaton 675. Dalilin da ya ba shi damar yin haka shi ne, wasannin Test a Ostareliya a wancan zamani ba su da iyakar kwanaki, ana yi ne har sai an sami wanda ya yi nasara, don haka babu abin da zai sa kyaftin ya yi gaggawa. Wasan Oval na 1938 ma haka yake, kamar yadda na 1934 a filin ya kasance, inda Ostareliya ta doke Ingila da maki 562 bayan Bill Ponsford da Bradman sun haɗa 451 a tsakaninsu. An daina irin wannan wasa bayan na Durban da ke Afirka ta Kudu a 1939, wanda aka watse babu sakamako saboda 'yan wasan Ingila za su kama jirgin ruwan komawa gida. Tun da aka tsayar da kwanaki biyar, kyaftin da ya daɗe yana tara maki yana sayen haɗarin tashi canjaras ne. Wanda ya fi kusantar waɗancan alƙaluma a zamaninmu shi ne Bangaladash, da ta doke Afganistan da maki 546 a Mirpur a watan Yunin 2023, ita ma bayan ta ƙi tilasta sake bugu duk da ratar 236 da take da ita.

Idan ra'ayina kake nema, nasarar da ta fi burge ni ita ce ta biyu a kundin zagaye guda, wato wadda Ostareliya ta yi a kan Afirka ta Kudu a Johannesburg a watan Fabrairun 2002, da zagaye guda da maki 360. Ƙungiyoyin biyu su ne kan gaba a duniya a lokacin, a gidan Afirka ta Kudu aka yi wasan, kuma cikin kwana uku aka kammala shi. Ostareliya ta ci 652, Adam Gilchrist ya ci 204 ba a fitar da shi ba, masu gida suka tsaya a 159 da 133. Ko a nan ma dai akwai uzuri, domin kyaftinsu Shaun Pollock bai buga ba, Allan Donald kuma ya ji rauni a ranar farko.