In saya wa Baba na'urar wankan iskar kabon?

Tambaya: Mahaifina ya daɗe da ciwon suga. Daga gida zuwa masallaci sai sharaɓarsa ta ɗaure, dole ya tsaya ya huta, ƙafar kuma kullum sanyi ƙalau. Na ga ana tallar na'urar da ke zuba iskar kabon a ruwan jiƙa ƙafa. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Abin yana da asali. Tun ƙarni na 19 masu ciwon zuciya ke zuwa Bad Nauheim a Jamus don wanka da ruwan da ke fitowa daga ƙasa ɗauke da iskar kabon dayoksaid, a Royat ta Faransa kuma masu toshewar jijiyoyin ƙafa ake kaiwa. Iskar tana ratsa fata, ta buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ta kuma sa jini ya saki iskar oksijin ga nama. In an tsoma ƙafa za ki ga ƙananan kumfa sun lulluɓe ta, bayan 'yan mintuna fatar ta yi ja daidai inda ruwan ya tsaya. A Japan ma'aunin da ake aiki da shi wajen miligiram 1,000 na iskar ne a kowace litar ruwa, kuma ƙwayoyin da ake jefawa a baho ba sa kusantar haka.

Amma ruwan ba ya cire kitsen da ya toshe babbar jijiya, kuma alamomin Baba can suka nufa. Kuɗin nan ki fara kai su asibiti. Akwai awo mai sauƙi da ake kwatanta matsin jinin idon sawu da na hannu. In an raba na idon sawu da na hannu, sakamakon ya faɗi ƙasa da 0.9, akwai toshewa. Daga nan sai maganin rage kitsen jini, daidaita suga, barin taba in yana sha, da tafiya kullum: ya taka har ciwon ya taso, ya huta, ya ci gaba. Yau da dare ki duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu. In kin ga miki ko baƙi, kada ki jiƙa ta a komai, ku tafi asibiti da safe.

Tambaya: An ce in yi allurar iskar kabon a gwiwa don ciwon sanyin ƙashi.

Amsa: Malam, ana yin ta a wuraren jinya irin su Mariánské Lázně a ƙasar Cek, ƙarƙashin fata, da hannun likita. Wasu na samun sauƙin zafi na ɗan lokaci, amma guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa da ita. Kada ka yarda a soka maka a shagon gyaran jiki. Rage ƙiba da atisayen ƙarfafa cinya wurin likitan gashin ƙashi sun fi ta hujja, sun kuma fi araha.