Ƙa'idar Goodwin a bidiyon waƙar ɗalibi

Ka ce kun gama haɗa bidiyon waƙa, amma ka rasa yadda za ka danganta shi da ƙa'idar Andrew Goodwin, masanin kafofin watsa labarai da ya yi nazarin bidiyon waƙa. A littafinsa na 1992, ya nuna cewa hoto kan fassara baiti, ko ya ƙara masa ma'ana, ko ya saɓa masa. To, ɗauki daƙiƙa 30 kacal daga bidiyon naku ka bi su a hankali, kana duba wannan da wasu abubuwan da Goodwin ya lura da su. Sauyin hoto yana faɗawa kan bugun kiɗa? Sau nawa kyamara ta matso fuskar mawaƙi? Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne jera sunayen masana ba misali ko ɗaya daga aikinsu. Batun haƙƙin mallakar waƙar kuwa, nemi shawarar malaminka kafin ka ɗora a YouTube.